Ƙamusun Oxford na Ɗalibai a Intanet: Yadda Ya Yi da Kalmar "Discrimination"

Aikina fassara ne daga Turanci zuwa Hausa, kuma galibin takardun da ke zuwa hannuna na haƙƙin ɗan Adam ne da dokokin ƙwadago da rahotannin ƙungiyoyin agaji. A irin waɗannan takardu da wuya a wuce shafi biyu ba a ci karo da kalmar "discrimination" ba. Saboda haka da ita nake auna duk ƙamusun da ya shigo hannuna. Wanda nake buɗewa kusan kullum shi ne shafin Oxford Learner's Dictionaries, kuma ra'ayina a kansa shi ne, wajen koya wa mutum yadda zai ɗora wannan kalma a cikin jimla ban ga kamarsa ba, amma wanda ya dogara da shi kaɗai ya fassara takardar doka zai tafka kuskure yana ganin ya yi daidai.

Tushen shafin shi ne ƙamusun nan da ɗalibai suka sani da Oxford Advanced Learner's Dictionary. Wani Baturen Ingila, A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, shi ya jagoranci haɗa shi. An fara buga shi a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Na kawo wannan tarihi ne don shi ke bayyana halin ƙamusun. Ba don Bature aka rubuta shi ba, don baƙon harshen aka rubuta shi. Bature ya san ƙaramar kalmar da ke biyo bayan "discriminate" tun yana yaro, ba ya bukatar a gaya masa. Mu kuwa a nan muke tuntuɓe, kuma Hornby ya ga ɗalibansa suna yin irin wannan tuntuɓen, sai ya mayar da hankali kan tsarin jimla fiye da tarihin kalma.

Idan ka rubuta kalmar a akwatin bincike, abin da zai fara bayyana shi ne maɓallai biyu na sauti, ɗaya da lafazin Birtaniya, ɗaya da na Amurka. Kada ka raina su. A sunan, wato "discrimination", nauyin murya yana sauka ne kan gaɓa ta huɗu, amma a aikatau ɗin, "discriminate", yana komawa kan gaɓa ta biyu. A sifar "discriminatory" kuma Ba'amurke yana fito da ƙarshen kalmar sosai, Baturen Ingila yana haɗiye shi. Na sha jin masu ilimi sosai suna sa nauyin a inda bai dace ba a taron ƙara wa juna sani, kuma minti ɗaya da wannan maɓalli ya isa ya gyara musu.

Daga nan sai ma'anoni, guda uku. Ta farko ita ce wadda kowa ya zo nema: a ɗauki mutum ko wani rukunin jama'a a yi musu mu'amalar da ba ta kai ta sauran adalci ba. Ƙamusun yana nuna cewa a wannan ma'ana kalmar ba ta da jam'i, ba a kuma sa mata "a" a gaba. Ba a cewa "a discrimination", ba a cewa "many discriminations" idan ana nufin an zalunci mutane sau da yawa. Mai son ƙirgawa sai ya ce "cases of discrimination" ko "acts of discrimination". Wannan ɗan bayani kalma ɗaya ce tak a shafin, amma wanda ya iya karanta ta ya tsira daga kuskuren da nake gani a rubutun ɗaliban jami'a har da na wasu 'yan jarida.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne ƙananan kalmomin da ke rakiyar kalmar. Ya jera su da baƙin rubutu mai kauri, kowace da misalinta. "Discrimination against" wani, wato an danne shi. "Discrimination in favour of" wani, wato an fifita shi. "Discrimination on the grounds of" wani abu, wato dalilin da aka fake da shi, ko jinsi ne ko shekaru ko addini ko naƙasa. Waɗannan uku su ne ƙashin bayan kowace jimla da za ka gani a takardar koke ko a dokar ma'aikata. Ta biyun ce ta fi ba mutane mamaki, don da yawa sun ɗauka kalmar dannewa kawai take nufi. Ai duk inda aka fifita wani saboda rukunin da ya fito, an danne wani ke nan, kuma Turanci yana kiran fuskokin biyu da suna ɗaya.

Sai batun aikatau. A ma'anar zalunci "discriminate" aikatau ne ƙi-karɓau, kuma shafin ya rubuta haka ƙarara. Ma'ana ba za ka ce "they discriminated him" ba, dole sai "against" ta shiga tsakani. Idan aka juya jimlar ta fara da wanda aka zalunta, "against" ɗin ba ta faɗuwa, sai dai ta koma ƙarshe ta tsaya ita kaɗai: "she was discriminated against". Kunnen baƙon Turanci yana jin kamar jimlar ba ta ƙare ba, sai hannu ya goge kalmar ƙarshen, a bar "she was discriminated", wanda ba Turanci ba ne. Na taɓa gyara takardar koken da wata ma'aikaciya ta rubuta da kanta, wannan kuskure yana layin farko, kuma duk da cewa kokenta na da ƙarfi, na san wanda zai karanta zai fara da raina rubutun kafin ya kai ga maganar. Da ta ga misalan da ke wannan shafi, da ba ta bukaci ni ba a wannan gaɓar.

Ma'ana ta biyu ita ce ke rikita mai fassara, don yabo ce. Shafin ma ya sa mata alamar cewa ana faɗinta ne da sigar amincewa. Idan aka ce mutum yana da "discrimination" wajen zaɓen littattafai ko tufafi, ana nufin yana da basira, ya san mai kyau ya san na banza. Ta uku kuma ta masana ce, wato iya rarrabe abu da abu, kamar yadda masu nazarin ji da gani suke maganar yadda jariri ke bambance sauti da sauti. A ƙasan shafin aikatau ɗin akwai ɗan bayanin asali: kalmar ta shigo Turanci a farkon ƙarni na 17 daga Latin, daga "discriminare", rarrabewa, wadda ita ma ta samo tushe daga "discernere". Wato ma'anar rarrabewa ce ta asali. Ma'anar zalunci daga baya ta taso, ta yi ƙarfi a Turancin Amurka a ƙarni na 19 lokacin da ake ta jayayya kan matsayin baƙaƙen fata bayan soke bauta, har ta zo ta rinjayi uwarta.

Amfanin sanin wannan yana fitowa ne a dangin kalmar. "Discriminating" yabo ne, "discriminatory" zargi ne, kuma haruffa kaɗan ne suka raba su. "A discriminating customer" mai saye ne da ya san kaya, ba a yi masa rufa-rufa. "A discriminatory policy" kuwa tsari ne da ke danne wasu. Wata manhajar fassara da ba zan kama sunanta ba ta taɓa mayar mini da na farkon "abokin ciniki mai nuna wariya", ta mai da mutumin kirki azzalumi. Akwai kuma "indiscriminate", wadda mai hasashe zai ce ai kishiyar zalunci ce, tunda an sa mata "in" a gaba. Ina! Nufinta a yi abu ba tare da tantancewa ba. "Indiscriminate attacks" a rahoton yaƙi su ne hare-haren kan mai uwa da wabi, waɗanda ba su raba soja da farar hula, kuma dokokin yaƙi sun haramta su. A fagen fama rashin rarrabewa ne laifi, a wurin ɗaukar aiki kuwa rarrabewar ce laifi. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana da shafinta da misalanta a ƙamusun, kuma jerin kalmomin makwabta da ke gefe yana kai ka wurinsu da dannawa ɗaya.

Babu Hausa a shafin, Turanci ne ake bayyanawa da Turanci mai sauƙi. Wasu na ganin wannan naƙasu ne. Ni ina ganin alheri ne a wurin mai fassara, don yana tilasta maka ka yi tunani kafin ka zaɓi kalma. Muna da "wariya", muna da "nuna bambanci", muna da "tsangwama" da "ƙyama" da "son kai", kuma ba ɗaya suke ba. Ƙyama a zuciya take, ta fi kusa da abin da Turanci ke kira "prejudice", wato hukuncin da mutum ya yanke wa wasu tun kafin ya san su. "Discrimination" kuwa aiki ne, abin da aka yi wa mutum a zahiri: an hana shi aiki, an hana shi hayar gida, an rage masa albashi. Mutum na iya ƙyamar wasu a ransa bai taɓa hana su komai ba, kuma ma'aikata na iya danne wasu ba tare da akwai mai ƙinsu a cikinta ba. Tsangwama kuma ta fi dacewa da "harassment" ko "stigma", gwargwadon inda aka yi maganar. Idan ka buɗe shafin "prejudice" da na "discrimination" ka ajiye su gefe da gefe, bambancin tunani da aiki zai fito maka, ko da yake ƙamusun bai tsaya ya yi maka wannan kwatancen da kansa ba. Da ya yi, da ya kyauta, tunda yana da irin waɗannan akwatunan bayani a kan wasu kalmomi masu kama da juna.

To, ga inda ƙarfinsa ya ƙare. Ma'anar farko da ya bayar ta mutumin kan titi ce: an yi wa wasu abin da bai kai na wasu ba. Doka ta wuce nan da nisa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a danne mutum saboda su ba, ciki har da shekaru da naƙasa da launi ko ƙabila da addini da jinsi da juna biyu da aure. Sannan ta raba laifin gida biyu, "direct discrimination" da "indirect discrimination". Na farkon shi ne wanda kowa ya sani, a ce ba ma ɗaukar mata. Na biyun shi ne a kafa ƙa'ida ɗaya a kan kowa da kowa, ba a ambaci kowa ba, amma a aikace ta fi cutar da wani rukuni, kuma babu gamsasshen dalilin kafa ta. A nan ba a yi wa kowa mu'amala daban ba, an yi wa kowa iri ɗaya ne, kuma daidaitawar ce ta zama laifin. Wanda ya tsaya kan ma'anar ƙamus zai ce ai babu wariya a nan.

Shari'o'i biyu ne suka fi bayyana mini wannan. A Amurka, a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ma'aikata baƙaƙen fata suka kai kamfanin wutar lantarki na Duke Power a jihar North Carolina. Kamfanin ya sa sharaɗin takardar kammala sakandare da cin wata jarrabawa kafin a shiga sassan da suka fi albashi. Sharaɗin ya hau kan kowa, fari da baƙi. Kotun ta ce tunda ya fi tankaɗe baƙaƙe, kuma ba a nuna yana da alaƙa da iya aikin ba, ya saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964, ko da kuwa babu mugun nufi. A Ingila kuma, a 1983, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotu mafi girma, ta duba batun wani yaro mabiyin addinin Sikh da wata makaranta a Birmingham ta ƙi karɓa sai ya cire rawaninsa ya aske gashi, don haka dokar kayan makaranta ta tanada wa kowane ɗalibi. Aka yanke cewa makarantar ta saɓa wa doka. Ba na tsammanin ƙamusun ɗalibai ya kawo shari'o'i, ba aikinsa ba ne. Amma mai amfani da shi ya kamata ya san cewa kalmar da ke takardar lauya ta fi wadda ke shafin faɗi.

Haka abin yake da "racial discrimination", wanda shafin ya kawo cikin misalansa na farko. Hannunmu ya saba rubuta "wariyar launin fata" da zarar mun gan shi, musamman saboda tarihin Afirka ta Kudu, inda kisan mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960 ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana don yaƙi da irin wannan wariya. Sai dai yarjejeniyar Majalisar ta 1965 a kan batun ba ta tsaya kan launi ba. Sashenta na farko ya haɗa da zuriya da asalin ƙasa da ƙabila, kuma ya ce ana duba manufar abin da aka yi ko kuma sakamakonsa. Ke nan mutum biyu masu launi ɗaya, ɗaya zai iya yi wa ɗaya "racial discrimination" a idon wannan yarjejeniya. Idan na fassara shi da launin fata kawai, na yanke rabin ma'anar. A takardun doka yanzu nakan rubuta "nuna bambanci saboda launi ko ƙabila ko asali", ko da jimlar za ta yi tsawo.

Shafin yana tura mai karatu zuwa "positive discrimination", wato fifita rukunin da aka saba dannewa, kuma yana da kyau a bi wannan turawar, don a nan Turancin ƙasashen biyu ya rabu. Birtaniya ce ke amfani da wannan lafazi, Amurka tana cewa "affirmative action". Abin da ƙamus ba zai gaya maka ba shi ne a dokar Birtaniya akwai wani lafazin na uku, "positive action", kuma shi ne halattacce, misali a ƙarfafa wa wani rukuni gwiwar neman aiki, ko a zaɓi ɗan rukunin da ke da ƙarancin wakilci idan cancantar mutum biyu ta zo daidai. Ɗaukar mutum don rukuninsa kawai alhali wani ya fi shi cancanta, wato "positive discrimination", galibi haramun ne a can. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta soke la'akari da launi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i a watan Yuni na 2023, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata ta 1979 kuwa ta ce matakan wucin gadi da aka ɗauka don mata su kamo maza ba za a kira su "discrimination" ba. Mai fassarar da ya ɗauki waɗannan lafuzza a matsayin abu ɗaya zai sa wa hukuma a baki cewa tana aikata abin da dokarta ta hana.

A gefe guda, masana tattalin arziki suna da "price discrimination", wato sayar da kaya iri ɗaya ga mutane daban-daban a farashi daban-daban, kamar rangwamen da ake yi wa ɗalibai ko tikitin jirgin da ke tsada idan tafiya ta matso. Babu zargi a cikinsa, sunan dabara ce kawai. Kada a rubuta masa "wariya".

Idan na bar shafin Oxford, wuri biyu nake leƙawa. Merriam-Webster na Amurka ne, kuma don masu harshen aka yi shi, saboda haka bayaninsa ya fi tsauri, yakan bayyana kalma da wata kalmar da ta fi ta wuya. Amma yana kawo shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce, kuma a ƙasan shafin "discriminate" akwai ma'ana ta fannin shari'a daban, wadda ke nuna cewa ana maganar bambancin da doka ta hana ne. Ga mai aiki irin nawa wannan sashe yana da daraja. Cambridge Dictionary kuma yana da sashen Turancin kasuwanci da fassara zuwa harsuna da dama kamar Larabci da Faransanci, abin da ke taimaka wa wanda ya iya ɗayansu ya ƙara tabbatar da fahimtarsa. Duk da haka idan tambayar ita ce wace kalma ke biyo baya, ko ana sa jam'i ko ba a sa, Oxford nake komawa, don ya fi su fito da tsarin jimla fili.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, shafin kyauta ne, yana buɗewa a waya da kwamfuta, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka duba kalma. Dole dai sai da intanet. Akwai manhajar waya ta ƙamusun wadda ake biya, ga mai son ya riƙa dubawa ko babu sadarwa. Shawarata ga mai amfani da waya ita ce ya riƙa danna wuraren da aka naɗe, musamman na ƙarin misalai da na kalmomin da ke tafiya tare, don a nan ne zai ga cewa Turanci yana cewa "face discrimination" da "suffer discrimination" ga wanda abin ya faɗa wa, "outlaw" ko "prohibit" ga dokar da ta hana, sannan "widespread" da "blatant" wajen siffanta shi. Da yawa suna karanta layin farko su rufe, alhali abin da zai gyara musu rubutu yana can ƙasa a naɗe.

Ɗalibin da ke shirin jarrabawa, da ɗan jaridar da ke rubuta labari, da ma'aikacin da ke son rubuta koke da Turancin da ba za a raina ba, wannan shafi ya ishe su. Wanda aka ba kwangilar fassara doka ko yarjejeniya kuwa, ya buɗe shi don nahawu, sannan ya nemi sashen ma'anar kalmomi na ita kanta dokar, ya ga abin da ta ce tana nufi da kalmar kafin ya rubuta komai.